Kujerar Bayan Motar Direba

Yayana bai taɓa ɗaure noti ɗaya daidai ba a rayuwarsa, amma shekara kusan uku ya yi ana ce masa injiniya a unguwarmu, a kan motar da ba tasa ba. Ya rasu yanzu, na kuma yafe masa duk abin da ya taɓa shiga tsakaninmu. Maganar motar nan ce kawai, in na tuna ta, har yau sai in ji bakina ya yi ɗaci.

Gidanmu a Jakara yake, ta bakin hanya. Baba sana'ar fata yake yi, saboda haka a jikin gidan akwai garka mai faɗin ƙofa inda ake shanya fatu, jakuna na shiga suna fita. Ni a lokacin mijina ya rasu, na gama takaba na dawo gida, ina toya ƙosai a tsakar gida kullum safe, mutanen unguwa suna aikowa ana saye. Ban iya karatun boko ba a lokacin. Sai daga baya, da furfura a kaina, na shiga ajin manya.

Akwai wani mutumin Gabas da ke zaune a Sabon Gari, ya fi shekara goma yana kwasar wa Baba fatu a babbar mota zuwa tasha. Direba kawai muke ce masa. Babbar motar ta maigidansa ce, amma yana da tasa ƙarama, baƙa, mai ƙoƙon baya, tsohuwa tun ta zamanin da ake wana inji da hannu ta gaba. A hannun wani Bature da zai koma gida ya same ta. Ranar Lahadi yakan zo a cikinta gaida Baba, da 'yarsa ta fari a gefensa, yarinya 'yar shekara tara mai wushirya. Ita ba ta tsayawa gaisuwa. Kai tsaye take shigowa wajen kaskona ta tsuguna, ta ce da ni Inna, in tsamo mata ƙosai mai zafi tana busawa tana ci.

Shekarar da gari ya rikice aka yi ta kashe mutanen Gabas, wata ranar da hantsi sai ga motar ta shigo garka da gudu har ta taka fatun da ke shanye. Direba ya fito sanye da babbar riga da hula na aro. Iyalinsa suna ɓoye a gidan wani maƙwabci, za a yi ƙoƙarin kai su jirgin ƙasa. Ina tsaye a ƙofar da ta haɗa garka da cikin gida, na ji komai da kunnena.

Ya durƙusa ya ce, "Baba, motar ba ta dame ni ba. In ta ruɓe, ta ruɓe. Amma a ƙarƙashin kujerar baya na sa takardun gidana, da hotunan yara, da littattafan makarantarsu. Ba zan iya bi da su ta tasha ba, can zazzage kayan mutum ake yi."

Baba ya dafa kansa ya ce, "Tashi ka tafi, ɗana, Allah ya tsare. Muddin ina numfashi babu hannun da zai taɓa kujerar nan."

A ranar Baba ya sa aka tura motar ƙuryar garka, aka lulluɓe ta da buhuna da tsofaffin tabarmi, aka jingina ƙirgi, wato busassun fatun shanu, a jikinta yadda mai leƙowa ba zai gane komai ba. Mabuɗin ya sa a cikin gafakar Alƙur'aninsa. Kullum in ya dawo daga masallaci da safe sai ya zagaya ya gyara tabarmar da iska ta yaye.

Yaƙi bai daɗe da farawa ba ciwo ya kayar da Baba. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke, sai ido da hannun hagu. Ni nake kai masa koko. Kafin ya buɗe baki sai ya ɗaga hannun nan ya nuna wajen garka, ni kuma in ce, "Tana nan, Baba." Sai ya lumshe ido, ya sha.

To, ga Yaya. Akawu ne a wani ofishi a waje, mai biro uku a aljihun gaba, wanda ko ruwa zai ce a ba shi sai ya haɗa da Turanci. Baba na da lafiya ko ƙofar garkar ba ya bi, wai warin fata na sa masa ciwon kai. Baba bai yi wata biyu a kwance ba na tarar da shi ya yaye tabarmi, ya zura hannu a gafaka ya ɗauko mabuɗi.

Na ce, "Yaya, amana ce fa."

Ya ce, "Ke me kika sani game da ƙarfe? Mota in ba a motsa ta mutuwa take yi. Taimakon mai ita nake yi."

Na ce, "To ka yi taimakonka a gaba. Kujerar baya dai ka ji abin da Baba ya ce."

Ya ce wa zai taɓa masa wata kujera, in koma wajen kaskona.

Matsalarsa ta farko ita ce waɗanda suka san kan mota a garin, yawancinsu su ne aka kora. Sai ya ɗauko wani mai gyaran fitila da kwaɗo a bakin kasuwar Kurmi ya naɗa shi bakanike. Su biyu suka kwance kafireto, suka baje kayansa a kan faifaina, wai suna wankewa da kananzir. Da suka zo mayarwa ƙananan ƙarafa huɗu suka yi saura. Yaya ya juya su a tafin hannu, ya ce ai Turawa haka suke, sukan sa abin da ba a buƙata don ado. Wata biyu suna fama. Ranar da injin ya yi tari ya tashi, hayaƙi ya cika gidan har kajina suka haye katanga, shi kuwa ya shigo yana goge hannu da tsumma, baƙin mai har goshi, ya tsaya a tsakar gida yana jira a yi masa barka. Matarsa ta yi masa. Ni na juya ƙosaina.

Daga nan sai fenti. A nan ne na gane cewa taimakon mai ita ya ƙare, domin baƙar mota ba ta buƙatar zama koriya don ta rayu. Ya ce kore ne launin ƙasa, a lokacin yaƙi kowa sai ya nuna kishi. Mutumin da in ya ji ana ɗaukar soja a wata unguwa sai ya sake hanyar zuwa ofis! Gaskiyar ita ce so yake in wani ya gan ta kada ya tuna baƙar motar da ke zuwa gidanmu ranar Lahadi.

Sati guda suna kankare ta da samfefa, inda ya ƙi kuma suka sa marmara. Ramukan tsatsa mai gyaran fitila ya lilliƙe su da dalma kamar yana toshe buta. Injin feshi babu shi, saboda haka Yaya ya ɗauki famfon da muke fesa maganin sauro da shi, ya sirka fenti da kananzir ya ɗura. Ya ɗaure hanci da ɗankwalin matarsa, ya yi ta bugawa fis, fis, tun daga safe har azahar. Famfon ya toshe sau ba adadi. Da ya gaji sai ya ƙarasa da burushin shafa wa bango farar ƙasa.

Ya manta cewa garkar fata ce. Kafin la'asar duk ƙudan Jakara sun sami labari. Suka sauka a kan ɗanyen fenti suka manne, ɗaruruwa, wasu da rai suna kaɗa fiffike. Ya kwana biyu yana tsince su da tsinken tsire, kowane ƙuda ya bar ɗan raminsa. Ya sake shafawa, suka sake zuwa. A karo na uku ya rataya gidan sauronsa a kanta, gidan sauron ya manne a rufin motar, ya bar zanensa har ƙarshen rayuwarta. In baƙo ya tambaya, sai Yaya ya ce sabon yayi ne daga Ingila.

Duk wannan ina dariyarsa a cikina, kuma ban damu ƙwarai ba. Kullum da safe kafin in hura wuta nakan leƙa ta gilashi in ga kujerar baya tana nan yadda take, da yagewarta a gefe ɗaya, sannan in kai wa Baba koko in ba shi amsarsa da zuciya ɗaya.

Sai rediyo. Motar ba ta zo da rediyo ba. Yaya ya samo wata a hannun masu sayar da kayan da aka kwaso daga gidajen Sabon Gari, bai ma ji kunyar faɗa ba. Ya huda gaban motar da ƙusa da guduma, ramin ya yi girma, ya cike gefen da tsumma. Wayoyin farko da ya haɗa sai da suka yi tartsatsi suka ƙone masa gira ɗaya. Eriya kuwa ƙarfen tsohuwar lema ya miƙar ya ɗaura a jikin ƙofa. Lasifika ɗaya ba ta ishe shi ba, ya ciro ta rediyon Baba ta ɗaka ya ƙara, wai ai marar lafiya hutu yake buƙata.

Man fetur ya yi wuya a shekarun, saboda haka motar ba ta zuwa ko'ina. Ta zama zaure. Bayan la'asar abokansa sukan taru, biyu a gaba, sauran a tsaye sun jingina, suna sauraron labarin yaƙi. Manyan janar-janar ke nan, masu tumbi da goro a baki. In aka ce an kama gari kaza sai su yi shewa su buga bonet, Yaya ya danna hon. Shi ne mai fassara in an koma Turanci, yana ƙara nasa gishirin. Wata rana na ji an ambaci yunwa a can, an ce yara na kumbura, sai wani a cikinsu ya ce ai su suka jawo. Suna zaune a cikin motar mutumin, a kan kayan 'ya'yansa, suna faɗar haka. Na tsani muryoyinsu, har yau kuma ban daina ba.

Zaman da abokan suka fara yi a baya shi ya kawo maganar kujera. Wani ya ce waya na sukarsa, bai dace mota mai kyau haka ta zauna da kujera kamar ta gidan makoki ba. Wata Asabar na dawo daga gaisuwar haihuwa a Madabo, na tarar da baduku a garka da jar fata a shimfiɗe, kujerar baya tana ƙasa an farke cikinta, ga wuta tana ci a gefe ana ƙona tsohuwar audugar.

Ban san lokacin da na yar da mayafi ba. Na ce, "Yaya, ina kayan da ke ƙarƙashi?"

Ya ce, "Ke, rufa mini baki a gaban mutane. Na adana."

"A ina?"

"Inda ya dace. Ke karatu kika iya da za ki tambaye ni takarda?"

A bakin wutar na hango wani ɗan kwali yana nannaɗewa, da rabin fuska a jikinsa. Na nuna. Ya ce hotuna ne, kuma kowa ya san mala'iku ba sa shiga gidan da ke da hoto, ga Baba a kwance yana buƙatar rahama. Wannan malamin, sati biyu bayan haka, ya kira mai hoto ya ɗauke shi ya dafa motar da ƙafa ɗaya a kan bamba, ya sa a gilashi ya rataye a ɗakinsa.

Washegari na kai koko. Baba ya ɗaga hannu. Na tsaya da kofi a hannuna, na dubi yadda ƙashin wuyansa ya fito, na ce a raina in na faɗa masa zai mutu. Na ce, "Tana nan, Baba." Ai motar tana nan. Da haka na lallashi kaina.

Yanzu ga inda nake so in yi sauri in wuce, amma ba zan wuce ba. A gidanmu, kamar kowane gida a cikin birni, takarda iri biyu ce. Mai rubutun Larabci, ko a kwata ka gan ta, sai ka ɗauka ka goge ka soke ta a jikin bango. Mai rubutun boko kuwa ta naɗe tsire ce da ƙosai. A shekarun yaƙi takarda ta yi wuya, har na koma zuba wa mutane a ganye. Bayan kamar wata ɗaya da gyaran kujera, Yaya ya shigo ya jefo mini wani ƙunshi kusa da murhu.

Ya ce, "Ga tsofaffin takardun ofis nan, ki naɗe ƙosanki."

Na kwance. Littattafan rubutu ne na 'yan makaranta, da wasu takardu masu kauri da jan tambari. Na kai hanci, na ji warin fetur da tsohuwar auduga. Ban iya karatu ba, amma na san rubutun yaro in na gan shi, manyan baƙaƙe masu karkata, da jan biro na malami a gefe. Wane ofishi ne ake zana kaza da fensir? Na sani. Na ce a raina akawu ne ya ce na ofis ne, shi ya yi karatu, ni wace ce. Masu kaurin ma har daɗinsu na ji, don mai ba ya ratsa su. Cikin sati uku na rabar da su a unguwa, ƙosan kwabo, ƙosan sisi. Bangon littafi ɗaya kawai ya rage, shi ma don yana da tauri ne na riƙe shi ina fifita wuta.

Yaƙi ya ƙare. Mutanen Gabas suka fara dawowa ɗaya-ɗaya suna neman abin da suka bari. Yaya ya rame a tsaye. Da farko ya ce zai ce wannan wata motar ce, ai kowa na gani koriya ce. Daga baya ya ce a'a, zai nuna masa irin gyaran da ya yi, shi ma ya san an yi masa alheri.

Direba ya zo wata Lahadi da hantsi, a ƙafa, shi kaɗai. Sai da ya yi magana na gane shi. Ya roƙi a kai shi wajen Baba, ya durƙusa a bakin gado ya riƙe hannun hagun nan da hannu biyu. Baba na hawaye, amma fuskarsa a sake, irin ta wanda ya sauke kaya. Ya zare hannunsa ya nuna garka, ya dube ni, wato in kai shi. Tagar ɗakin Baba garkar take kallo, kuma a buɗe take.

Yaya ya riga mu can, ya goge motar, ya kunna rediyo ana kiɗa. Ya fara jawabi: ga fenti hawa uku, ga lasifika biyu, ga fata 'yar asali. Direba bai ko dubi fentin ba. Ya buɗe ƙofar baya, ya sa hannu ya ɗaga kujerar. Ya daɗe a sunkuye.

Yaya ya ce, "Wallahi ɓeraye, Malam. Ka san garkar fata. Mun yi iya ƙoƙarinmu."

Direba ya miƙe a hankali ya ce, "Har hotunan?"

"Har su."

Direba ya ce, "Yaran su uku ne. Babu wanda ya kai ƙarshen yaƙin. Uwarsu ta ce in kawo mata hoton ko da na ɗaya ne, ta ce fuskar ƙaramin ta fara ɓace mata."

Rediyo na ta kiɗa, Yaya bai ma yi hankalin kashewa ba. Na shiga gida na ɗauko bangon littafin nan daga bakin murhu, gefensa ya babbake, duk ya sha mai. Na miƙa masa, na ce, "Ba ɓeraye ba ne. Hotunan shi ya ƙona. Littattafan da takardun ni na naɗe ƙosai da su. Wannan ne ya rage."

Yaya ya ce in yi shiru, mahaukaciya. Direba ya karɓa ya duba, ya bi rubutun da ke kai da yatsa, leɓensa na motsi. Ya ce, "Na babbar ne." Ya ɗago ya dube ni, babu faɗa a idonsa, da ma faɗan ya yi. Ya ce, "A can, da abinci ya ƙare, ƙosanki take ta ambata, Inna."

Ya sa kwalin a cikin rigarsa. Yaya ya bi shi da mabuɗi har ƙofar garka yana cewa ga motarka, ga motarka, ko rediyon ma na bar maka. Direba bai waiwayo ba. Ba mu sake ganinsa ba, kuma ranar Juma'ar da ta biyo baya Yaya ya sami fetur ya tafi masallaci a cikinta, da hularsa a karkace.

Washegarin zuwan Direba na dama koko na kai ɗakin Baba kamar kullum. Na tsaya ina jiran hannun ya ɗagu. Bai ɗagu ba. Na kai kofin bakinsa, ya datse leɓe ya juya fuska wajen bango. Na yi magiya, na yi kuka, bai juyo ba. Matar Yaya ta shigo ta karɓi kofin, ya buɗe baki ya sha. Da la'asar Yaya ya leƙo gaishe shi, Baba ya bar shi ya riƙe hannunsa, domin shi da ma bai taɓa tambayarsa komai ba. Wata biyar ya ƙara a duniya, kuma bai sake karɓar ko ruwa daga hannuna ba.